Ra'ayi: Mun fi kowa aiki da murya, mun fi kowa sakaci da ita

Ranar da na gaya wa Baba na sa sunana a darasin horar da murya a jami'a, sai da ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Kai, kuɗin makarantar da nake biya, waƙar coci na tura ka koyo?" Ban ga laifinsa ba. A nan Gana in aka ce wani yana koyon murya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne mawaƙan coci da dogayen rigunansu ranar Lahadi. Mu kuma Musulmi, da ƙidayar 2021 ta nuna ba mu cika kashi 20 cikin ɗari ba, mun saba taka-tsantsan da duk abin da muke ganin zai janye mana yara.

To, bayan wata huɗu a ajin nan, ga ra'ayina: babu al'ummar da ta kai mu 'yan Zango buƙatar wannan ilimi, kuma gudunsa da muke yi asara ce.

Ba sha'awar zama mawaƙi ta kai ni ba. Asabar da Lahadi ina karantar da yara a wata makarantar allo a Nima, da azumi kuma nakan karɓi liman a wasu raka'o'in tarawihi. Azumin bara ko goman farko ban kai ba murya ta dishe ƙaf. Na sha zuma, na tauna citta da kanumfari, na tsotsi Tom Tom har na gaji, a banza.

Ranar farko na shiga aji a tsorace. Abokan karatuna tun suna yara suke waƙa a coci, ni kuwa ina da shekara 21 ban taɓa tsayawa kusa da fiyano ba. Amma malamar ko baiti ɗaya ba ta sa ni rerawa ba. Cewa ta yi in ɗora hannu a ciki in ja numfashi. Nan take kafaɗuna suka ɗaga. Ta ce matsalar ke nan: a saman ƙirji nake tara iska, sai maƙogwaro ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Daga nan ta sa ni karkaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur. Wallahi kunya kamar in nutse.

Abin da na koya mai sauƙi ne. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tsokoki biyu ƙanana, iskar huhu ce ke kaɗa su su ba da sauti. A bakin namiji baligi sukan kaɗu fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa wajen ninki biyu. In mutum ya riƙa matsa su da ihu kullum, sai su kumbura, wani lokaci su yi kanta irin ta hannun manomi. Bushewar hunturu, rashin shan ruwa, hayaƙi da yawan gyaran murya duk suna ƙara musu wahala. Ko raɗa da muke yi in murya ta dishe, ba hutu ba ce gare su.

Yanzu ku duba unguwanninmu. Ladan sau biyar a rana. Malamin allo da yara hamsin a gabansa. Mai wa'azi, masu bege a daren Mauludi, mai tallan koko da ƙosai, yaron mota da ke kiran fasinja a tasha. Duk da murya suke aiki, kuma cikinsu da wuya ka samu wanda aka taɓa nuna wa yadda ake numfashi. Sau nawa muka ji ladan yana ƙwala ihu alhali lasifika na bakinsa? In muryarsa ta mutu sai mu ce tsufa ne.

Kuma kula da murya ba baƙon abu ba ne a addininmu. Abdullahi bin Zaid ne ya ga kiran salla a mafarki, amma Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilal, saboda muryar Bilal ta fi kai wa nesa. Ya yabi daɗin karatun Abu Musa al-Ash'ari. Ilimin tajwidi kansa ya ginu a kan sanin mafitar kowane harafi, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Marigayi Sheikh Abdulbasit Abdussamad na Masar, wanda ya rasu a 1988, har gobe ana mamakin tsawon numfashinsa a gidajenmu.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ajin kuma maza da mata ne a haɗe, sannan da yawa daga waƙoƙin da ake gwaji da su na coci ne. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. Abin da na yi shi ne na sami malamar tun makon farko na ce, "Madam, akwai kalmomin da ba zan iya furtawa ba saboda addinina." Ba ta ɓata rai ba. Ta ce in kawo abin da muke rerawa a gida, na kai mata wata ƙasidar bege, da ita na yi jarrabawa. Ba kowa zai dace da irin wannan malama ba, amma wanda bai buɗe baki ya tambaya ba, ta yaya zai sani?

Wasu kuma na tsoron a mai da tilawa waƙa. Ni ma ina tsoron haka. Tajwidi a gaban malami ake ɗaukarsa, ba a gaban fiyano ba. Abin da ajin ya ba ni shi ne in kai ƙarshen doguwar aya ban yanke a inda bai dace ba, in kuma wayi gari da muryata.

Saboda haka ina kira ga iyaye: in yaro ya zo da irin wannan magana, a tambaye shi me ake koyarwa kafin a yanke hukunci. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da kwamitocin masallatai za su iya gayyato likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zauna da ladanai da malaman allo ko yini ɗaya ne kafin azumi. Duk wanda kuma dishewarsa ta wuce mako uku, ya bar zuma ya tafi asibiti.

Baba dai har yau bai ce ya yarda ba. Amma makon jiya bayan sallar isha ya ce mini, "Gobe ka je ka nuna wa ladan abin numfashin nan naka, muryarsa ta fara tafiya."