Zauren Kwamfuta: Kafin ki fasa asusu ki sayi sabon kibod

Wata ɗaliba 'yar SS2 ta aiko mini da tambaya makon jiya. Tun da aka ba da hutu take taya yayanta aiki a shagonsa na buga takardu, tana buga wa ɗaliban jami'a furojet daga safe har la'asar. Yanzu cikin dare hannunta na dama yake sagewa, babban yatsa da biyun da ke binsa kamar ana soka musu allura. Ta ga wani lanƙwasasshen kibod a intanet, an ce yana maganin ciwon hannu. Tambayarta ita ce: ta fasa asusunta ta saya?

Ƙanwata, dakata tukuna. Ku ma sauran ku matso, don duk mai shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, zai daɗe a gaban kibod.

Ciwon ya girmi kwamfuta. Tun 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi bayanin wahalar da magatakarda ke sha saboda zama wuri ɗaya da maimaita motsi ɗaya da alƙalami. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙunƙuntar hanya tsakanin ƙasusuwa da wata jijiya mai tauri da ta rufe su. Ta nan jijiyoyi 9 masu jan yatsu suke wucewa, tare da jijiya guda mai kai ji zuwa babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na huɗu. In wuyan hannu ya tanƙware sama ko gefe, hanyar sai ta ƙara matsewa. Kin lura yatsun da kika lissafa su ne waɗannan?

Yanzu ɗora hannuwanki kan kibod na yau da kullum, manuniyar hagu kan F, ta dama kan J. Kafaɗunki suna da faɗi, haruffan kuwa a cunkushe suke a tsakiya, don haka dole wuyan hannu ya karkace wajen ƙaramin yatsa. Jerin haruffan nan gadon tafireta ne, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Abin da lanƙwasasshen kibod yake gyarawa ke nan: an raba haruffan gida biyu, kowane ɓangare ya fuskanci hannunsa, tsakiyar kuma ta ɗan yi tudu. Microsoft ya fitar da irinsa a 1994, Logitech da Kinesis ma suna yi.

Sai dai yana da sharaɗi. An yi shi ne don mai bugawa da yatsu goma ba tare da kallon haruffa ba. T da G da B suna hagu, Y da H da N suna dama. Wanda ya saba tsintar haruffa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar dawa, rikicewa kawai zai yi. Ko gwani ma sai saurinsa ya ragu na wasu kwanaki kafin ya saba, kuma a ɗakin jarrabawa kibod na yau da kullum za ki tarar.

Ga abin da nake so ki fara yi gobe, kuma ba ya cin ko kwabo. Juya kibod ɗin ki duba bayansa, za ki ga 'yan ƙafafu biyu. Kusan kowa yana ɗaga su, ni ma na daɗe ina yi, alhali su ne suke tilasta wa hannu ya tanƙware sama. Kwantar da su. Sannan ki duba kujera: yawancin teburan shaguna sun fi ƙarfin mai shekara 16, sai ka ga yaro ya ɗage kafaɗu kamar mai leƙen katanga. Sa matashi ki zauna a kai har gwiwar hannunki ta zo daidai da kibod, in ƙafa ba ta kai ƙasa ba ki taka wani abu. Kada ki danne wuyan hannu a gefen tebur kina bugawa. Duk bayan rabin awa ki tashi ki miƙe, ko da na minti 2 ne.

In bayan haka har yanzu kina son saye, ki je kasuwa da kanki ki taɓa. Zaɓi mai madannai masu laushi da ba sa buƙatar duka, wanda gabansa bai yi kauri ba. Tunda hannun dama ne ke damun ki, ki yi tunanin wanda ba shi da rukunin lambobin nan na gefe, don su ne suke tura maus nesa har kafaɗa ta riƙa miƙewa. Na hannu ma ya isa, muddin kin gwada kowane harafi kafin ki biya.

Amma sagewar da ke tashin ki daga barci ta wuce maganar kibod. Ki faɗa wa Yaya yau ya rage miki aikin, a kai ki asibiti likita ya duba hannun, musamman in kofi ko biro ya fara suɓuce miki.