Yabon Kai Jahilci Ne, Amma Ba da Shaida Ba Yabo Ba Ne

Tambayar da ta fi kayar da masu neman aiki a ɗakin intabiyu ba ta da wuya a ji. Shugaban kwamiti zai ɗago kai daga takardu ya ce, "To, gaya mana ko kai wane ne." Nan take matashin da ya kammala jami'a da kyakkyawan sakamako, ya yi bautar ƙasa, zai sunkuyar da kai ya fara da sunan garinsu da firamaren da ya yi. Minti uku za su shuɗe bai faɗi abin da ya shafi aikin ba. Wanda zai shigo bayansa kuwa ya sha hadda: zai kwararo jimloli masu santsi, cewa shi mai ƙwazo ne, mai haɗa kai da abokan aiki, mai jure wahala. Kwamitin ya ji waɗannan kalmomi daga bakin mutum goma tun safe. Na farko kunya ce ta kayar da shi, na biyu kuma hadda, amma ciwonsu ɗaya ne: babu wanda ya kawo hujja.

Bahaushe ya taso da jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma tarbiyya ce mai kyau. Ita ke sa a bar wasu su faɗi alherin mutum, shi kuma ya kawar da kai. Sai dai wannan tarbiyya ta ginu ne a inda aka san juna, inda maƙwabci da malami da mai unguwa za su tsaya wa mutum. Kwamitin intabiyu bai san mai neman aiki ba, kuma lokacin da zai ba shi bai fi rabin sa'a ba. Idan ya yi kawaici, babu mai magana a madadinsa.

Addini ma bai ɗora wa kowa wannan shirun ba. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya kuma ambaci siffofinsa guda biyu, wato iya tsare dukiya da sanin aiki. Ibn Kasir ya yi bayani a tafsirinsa cewa ya halatta mutum ya ambaci halinsa na kirki idan ba a san shi ba kuma buƙata ta kama. Abin lura shi ne siffofin biyu ne kacal, kuma dukansu sun dace da aikin da aka nema, bayan ya riga ya nuna saninsa wajen fassara mafarkin sarki da tsara yadda za a adana hatsi. Wannan ita ce ƙa'idar: a faɗi abin da aikin ke buƙata, a jingina shi da abin da aka taɓa yi.

Masu ɗaukar aiki na zamani ma wurin da suka dosa ke nan. A 1998 masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka gano cewa intabiyu mai tsari, wanda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna amsoshi da ma'auni ɗaya, ya fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake bin alƙaluman, intabiyu mai tsari ya fito a kan gaba. Kamfanin Google ya taɓa yin suna wajen yi wa masu neman aiki tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, amma a 2013 shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya fito ya ce ɓata lokaci ne. Abin da ya maye gurbinsu shi ne tambayoyin da ke farawa da "ba mu labarin wani lokaci da...", domin abin da mutum ya aikata jiya ya fi alkawarinsa nuna abin da zai aikata gobe.

Saboda haka shiri na gaskiya ba haddace amsa hamsin ba ne. Shi ne mutum ya zauna da alƙalami ya tono labarai biyar ko shida daga rayuwarsa ta aiki ko karatu: ranar da ya warware wata matsala, ranar da ya saɓa da abokin aiki, ranar da ya yi kuskure, ranar da ya jagoranci wasu, ranar da lokaci ya ƙure masa. Kowane labari ya tsara shi gaɓa huɗu, tsarin da ake taƙaitawa da STAR a Turance: halin da ake ciki, nauyin da ke kansa, matakin da ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce aka tambaya ko tana iya aiki cikin matsi. Maimakon ta ce "ina iyawa," sai ta ce a asibitin da ta yi aiki masu awon ciki kan wuni a layi, ita ce ta ba da shawarar raba musu kati da sa'o'in zuwa, cikin wata biyu layin ya ragu har ana tashi kafin azahar. Ba ta yabi kanta da kalma ɗaya ba, amma kwamiti ya ga abin da yake nema. Wanda bai taɓa aikin albashi ba ma yana da abin tonowa: ajin da ya koyar lokacin bautar ƙasa, lissafin shagon mahaifinsa, ko taron ƙungiyar ɗalibai da ya shirya.

A nan akwai wani tarko da ladabi ke ɗanawa, wato kalmar "mun". Mai kunya zai ce mun yi, mun gyara, mun kammala, har kwamiti ya kasa gane nasa hannun. Ba ƙungiyar ake shirin ɗauka ba, mutum ɗaya ne. Adalci shi ne a ba abokan aiki haƙƙinsu a jimla ɗaya, sannan a faɗi abin da aka yi da hannun kai.

Sauran tambayoyin da aka saba yi duk kowace da abin da take farauta. "Me ya sa kake son aiki da mu?" gwaji ne na ko mutum ya karanta sanarwar aikin ya kuma binciki ma'aikatar, amsar da za ta dace da kowane kamfani ba amsa ba ce. "Mene ne rauninka?" tana neman wanda ya san kansa, don haka cewa "aiki ya yi mini yawa a rai" yabo ne da aka yafa wa mayafi, kuma an daɗe da gano shi. Gara a ambaci rauni na gaske wanda ba shi ne ƙashin bayan aikin ba, a faɗi matakin da ake ɗauka a kansa. "Me ya sa ka bar inda kake?" kuwa tana auna riƙon amana: wanda ya ci naman tsohon maigidansa a gaban baƙi ya sanar da su abin da zai yi musu. Batun albashi shi ma yana son lissafi tun daga gida. A Najeriya dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100, ban da haraji, don haka wajibi ne a tambaya ko adadin da aka ambata kafin cire-cire ne ko bayansu.

Za a iya cewa duk wannan wahalar banza ce a ƙasar da ake raba guraben aiki tun kafin a buga sanarwa, inda wa ka sani ta fi me ka sani. Ƙorafin yana da tushe, kuma babu shirin da zai buɗe ƙofar da aka riga aka kulle ta ciki. Amma ba kowace ƙofa ce haka ba. Bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da masu ɗaukar ma'aikata ta intanet da yawansu suna zama da takardar ba da maki, kuma a irin waɗannan wurare ne ɗan talaka ke da dama. Asara ce babba a ce an samu wurin da cancanta ke aiki, sannan mai cancantar ya kasa buɗe baki.

Haka kuma tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, amsa mai santsi ta zama araha: kowa na iya samunta cikin daƙiƙa kaɗan. Abin da na'ura ba za ta iya ba mutum ba shi ne labarin abin da ya faru da shi, kuma tambaya ɗaya ta bin diddigi, "to daga nan sai me ka yi?", ta isa ta tona asirin amsar aro. Mai labarin gaskiya ba ya jin tsoron wannan tambaya, domin yana wurin aka yi.

Abin da ya rage shi ne gwaji da baki. Amsar da ke kan takarda daban take da wadda ke fita a gaban mutane, musamman ga wanda zai yi tunani da Hausa ya amsa da Turanci. Ya samu aboki ya yi masa tambayoyin, ko ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara, yana tsayar da kowace amsa a kan minti biyu. Ya riƙe gaɓoɓin labarin, ya bar kalmomin su zo da kansu. Kunya tana da muhallinta a gaisuwa, da sauraro, da rashin katse babba. Idan aka zo kan abin da mutum ya aikata kuwa, shaida ake nema daga gare shi, kuma ɓoye shaida ba ya cikin ladabi.