Wace Jami'a Za Mu Tura Yaron Da Ke Son Karatun Fim?

A ƙarshen kakar da ta wuce na je gida, wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, sai na tarar da magana tana jirana. Ɗan yayana, wanda ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, ya ce shi karatun fim zai yi a jami'a. Bayan sallar isha'i Yaya ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya dube ni ya ce: "Malam, kai ne ka san boko. Yaron nan ya kafe. In abin nan karatu ne, ka faɗa mini inda ake yin sa. In kuwa shashanci ne, ka faɗa masa da bakinka."

Mai karatu da ya tashi a birni zai iya ɗaukar wannan ƙaramar magana. A wajenmu kuwa ba haka ba ne. Yankinmu gona tana jikin gona, ba sauran daji, ba a barin ƙasa ta huta ko da damina ɗaya, sai dai a yi ta bin ta da taki. Gandun mahaifinmu da aka raba wa magada, kowa ɗan abin da ya samu bai wuce ya ci da iyalinsa ba. Saboda haka kuɗin makarantar yaro daga buhunan gyaɗa da wake yake fitowa, sai ragunan da mahaifiyarsa ke kiwo, in abin ya faskara a kai ga jinginar gona. Gonar da aka jinginar kuwa a wannan yanki ba kasafai take dawowa hannun mai ita ba. Wannan shi ne abin da ke kan tabarmar a daren nan.

Amsar farko da na ba Yaya ita ce, karatu ne, kuma ba yau aka fara shi ba. Tun 1979 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda ke da mazauni a Jos, kuma a 1995 hukumar ta buɗe Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa a can, inda ake yin difloma, ake kuma yin digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Har ila yau a Jos ɗin akwai Kwalejin Talabijin ta NTA da ke da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello. Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da wasan kwaikwayo tun tsakiyar shekarun 1970, kuma ta yi suna wajen fitar da ɗalibai zuwa ƙauyukan kewayen Zariya, kamar Bomo, su shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Nan Kano, Jami'ar Bayero tana da Tsangayar Sadarwa, a cikinta akwai sashen aikin jarida da na wasan kwaikwayo. Sannan a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida-gida, fim ya samu nasa digirin mai zaman kansa.

To, a nan ne nake son iyaye su yi hattara. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar sabon kwas, masu neman kuɗi sukan riga malamai shiga. Na taɓa ziyartar wata makaranta mai zaman kanta da ta cika gari da allunan talla, na nemi a nuna mini ɗakin kayan aiki, aka buɗe mini wata durowa mai ɗauke da kyamara guda ɗaya, ita ma sai ranar da baƙi suka zo ake fito da ita. Fim sana'ar hannu ce kamar ƙira ko saƙa. Wanda ya shekara huɗu yana kwafar bayanin kyamara daga allo, bai taɓa saita fitila ko ɗaukar sauti ko zama gaban kwamfuta ya haɗa hotuna ba, ya fito da takarda ne kawai. Don haka kafin a tambayi sunan jami'a, a tambayi ɗaliban da ke ajin ƙarshe: fim nawa kuka yi da hannunku, kuma malamin da ya koya muku ya taɓa yin nasa? A kuma duba ko hukuma ta tantance kwas ɗin, domin digirin da ba a tantance ba yana iya hana yaro zuwa bautar ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce, domin Yaya ma ya faɗe shi: su waɗanda suka kafa sana'ar wace jami'ar fim suka je? Gaskiya ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, daga 'yan wasan daɓe da ma'aikatan talabijin ya fito. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Sai dai kasuwar da ta rene su ta mutu. Zamanin da ake buga kaset ko faifai a kai Ƙofar Wambai ya wuce. Yau mai kallo yana riƙe da waya, yana ganin aikin Turkiyya da Koriya da Indiya a kan allo ɗaya da namu, kuma kunnensa ya san bambancin sauti mai kyau da maras kyau. Koyo a bayan ubangida yana nan da amfaninsa, amma abin da ubangidan ya sani kaɗai zai ba ka.

Akwai tambaya guda da ban taɓa jin wani uba ya yi ba, kuma ita ce ta fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe: da wane harshe za a koya wa yaron nan rubuta labari? Yaron da ya tashi yana jin yadda tsofaffi ke zaurance da habaici a bakin rijiya, ya san kalmar da manomi ke kiran kowane irin gero da kowane mataki na noma, ya san yadda suruka ke kauce wa sunan surukinta, yana ɗauke da jarin da babu jami'ar da za ta iya saya masa. Haɗarin shi ne a kai shi inda zai shekara huɗu yana tunani da Turanci, ya dawo yana fassara maganganun 'yan wasansa kalma da kalma, har ka ji an sa wa dattijon ƙauye zancen da babu Bahaushen da ya taɓa furta irinsa. Mun sha ganin haka. Mun kuma sha ganin yadda mutumin karkara ba ya fitowa a fina-finanmu sai a matsayin abin dariya, da yagaggiyar riga da karkatacciyar hula, alhali shi ke ciyar da masu yi masa dariyar.

Kada a ɗauka wannan kishin harshe ne kawai na malamin jami'a. A 2019 masu gasar Oscar ta Amurka sun cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda yawancin maganganunsa da Turanci aka yi. Fim ɗin da Nijeriya ta tura a 2020, The Milkmaid, da Hausa aka yi mafi yawansa, haka ma Mai Martaba da aka tura a 2024. Ba su kai ga lashe komai a can ba, amma harshen ne ya buɗe musu ƙofar. Ousmane Sembene na Senegal a Mosko ya koyi aikin kyamara, amma da ya tashi yin Mandabi a 1968 ya yi shi da harshen Wolof. Abin takaici, a yawancin jami'o'inmu sashen harsunan Nijeriya da sashen wasan kwaikwayo suna zaune kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji. Laifin namu ne mu malamai, ni ma ina ciki. Ɗalibin fim a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya kamata a wajabta masa darasin adabin baka da karin harshe, mu kuma namu ɗaliban a tura su su ga yadda ake mayar da rubutu hoto.

Ga shawarar da na bayar, kuma ra'ayina ne, ba wahayi ba. In kyamara da sauti yaro yake so, Jos ta fi dacewa, domin don wannan aka gina cibiyar. Yaya ya kawo maganar rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, ban kuwa raina fargabarsa ba, sai dai na tuna masa cewa Jos gari ne da Hausawa masu harkar fim suka daɗe suna aiki a cikinsa. In labari da sarrafa 'yan wasa ne suka fi jan hankalinsa, Zariya. In kuwa aljihu ne zai yanke hukunci, kamar yadda yake a gidanmu, to Kano tana da abin da sauran ba su da shi: ana iya aika masa gero da wake daga gida a motar kasuwa, kuma in ya tashi daga aji zai iya zuwa ofisoshin masu fim da ke Titin Gidan Zu ya riƙe musu waya da fitila, ya koyi abin da allo ba ya koyarwa.

Washegari da safe yaron ya same ni ya ce: "Baffa, to wanne zan cike?" Na ce masa ba zai cike komai ba tukuna. Na ba shi tsohuwar wayata, na ce kafin in dawo ya ɗauko mini minti biyar na matan gidanmu suna sussuka, da muryoyinsu yadda suke, ba tare da ya sa musu waƙa ba. Da Yaya kuma muka tsayar da magana biyu: ni zan ɗauki yaron mu je Jos da Zariya da sabuwar harabar Bayero mu ga ɗakunan kayan aiki da idonmu kafin a buɗe rajistar JAMB, sannan ko wacce aka zaɓa, raguna za a sayar, ni in cika sauran daga albashina. Gonar bakin rafi ba za a kai ta jingina ba.