Ra'ayinmu: Gani Ya Kori Ji

Kowace shekara ana koya wa ɗaliban labarin ƙasa da na kimiyyar duwatsu cewa ɓawon duniyar nan ya kasu ne zuwa manyan faya-fayai masu tafiya sannu a hankali, kuma inda suka yi karo ko suka rabu, nan ne ƙasa ta fi girgiza. Ɗalibi ya kwafi zanen allo, ya haddace sunan Alfred Wegener da shekarar 1912, ya amayar ranar jarrabawa, shi ke nan. Mu a ganinmu wannan karatun aku ne, kuma lokaci ya yi da za a sake lale.

A da, malami yana da hujja: na'urorin auna girgizar ƙasa suna can Turai da Amurka. Yau wannan hujja ta faɗi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana buga labarin girgizar da aka auna a sassan duniya a intanet, kyauta, da lokacinta, da zurfinta, da ƙarfinta. Mu ma nan gida muna da cibiyar sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi.

To, me zai hana a ba ɗalibi taswira, a ce ya ɗiga alama a duk inda ƙasa ta girgiza cikin wata guda? Kafin ya gama zai ga ɗigon sun yi jerin gwano: sun kewaye tekun Pasifik, sun ratsa tsakiyar Atalantika, sun bi ta Turkiyya, inda girgizar 6 ga Fabrairu 2023 ta hallaka fiye da mutum 50,000 a can da Siriya. Ya gano iyakokin faya-fayan ke nan da hannunsa.

Haka kuma lissafin gano tushen girgiza bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Igiyoyi iri biyu ke tasowa tare daga tushen. Ta gaba tana cin kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ta baya kuwa kimanin 3.5. In girgizar ba ta yi nisa ainun ba, a ninka daƙiƙoƙin da ke tsakanin isowarsu sau 8, sai a sami nisanta daga tashar. Tasha uku, da'ira uku a kan taswira, inda suka haɗu nan ne wurin. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai manta ba.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, ai ƙasarmu ba ta girgiza. Gaskiya ne muna nesa da bakin faifai, amma ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Girgizar Akara ta 1939 ta rushe gidaje, ta ci rayuka. Kwarin Binuwai kansa tabo ne na tsagewar da ta faro lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Waɗannan duka darussa ne a ƙofar gidanmu.

Abin da ya sa muka damu shi ne, ɗaliban yau su ne ma'aikatan gobe. Su za su sa hannu a takardar izinin gini, da ta madatsar ruwa, da ta fasa dutse. Su jama'a za su tambaya ranar da ƙasa ta motsa, jita-jita ta cika gari. Ma'aikacin da bai taɓa karanta awo na gaske ba, da me zai kwantar wa mutane hankali?

Saboda haka muna kira ga shugabannin sassa da su sanya irin wannan aiki cikin manhaja, su kuma nemi cibiyar Toro ta buɗe wa ɗalibai ƙofa. Mu kuwa ɗalibai kada mu naɗe hannu muna jira. Ƙungiyoyinmu na sassa za su iya farawa a wannan zango, da taswira, da fensir, da wayar da ke aljihunmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.