Mayar da Abin Ƙwace Ba Kyauta Ba Ne

Tun da gwamnatin Kanada ta yi shela a watan Yuni na 2021 cewa 'yan asalin ƙasar, har da Inuwit da Metis, suna iya mayar da sunayensu na gado a kan fasfo da takardar shaidar zama ɗan ƙasa ba tare da biyan ko anini ba, jama'a da yawa suka ɗauki al'amarin karamci ne da ya cancanci godiya. Wannan ra'ayi, duk da yawan masu riƙo da shi, ɓatacce ne.

Wanda ya san cewa yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu, aka tsare su a makarantun kwana na hukuma da coci, inda aka hana su harshensu, aka laƙaba musu sunayen Turawa, wanda kuma ya san cewa tun wajen 1941 aka riƙa rataya wa Inuwit lamba a wuya maimakon suna, lalle ba zai kira wannan mataki alheri ba. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa tuban azzalumi ba ya inganta sai ya mayar da haƙƙi ga mai shi, kuma ba a taɓa lissafa mayarwar nan cikin babin sadaka ba. Hasali ma, Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Kanada ce ta nemi a mayar da sunayen tun 2015, a shawara ta 17 cikin shawarwarinta 94, aka yi shekara shida ana jan ƙafa.

Sa'an nan mayarwar kanta tauyayya ce, domin kuwa an yanka wa rangwamen kuɗin wa'adin shekara biyar, alhali zaluncin ya haura ƙarni guda. Kuma da yake fasfo yana bin ƙa'idar haruffan Rumawa, sunan da ke ɗauke da harafin da na'ura ba ta sani ba sai an yi masa kwaskwarima kafin ya shiga. Bahaushen da aka raɗa masa Ɗanladi, ya ga Danladi a fasfonsa, ya ɗanɗani kaɗan daga wannan.

Suna linzami ne, in ji magabata. Wajibi ne hukumar da ta iya ƙirƙiro lambobi don shafe sunayen mutane ta gyara na'urorinta har su iya rubuta su daidai, ta kuma ɗauke wa'adin baki ɗaya. Kafin a yi haka, Kanada ce ake bi bashi.