Wa Zai Biya Ƙafar Yaron?

A garuruwan Adar, daga Keita zuwa Buza har Madawa, babu damanar da take wucewa ba a ji irin wannan labari ba. Wani mai hali ya sa an haƙa rami a filinsa don buga tubali, aka gama gini, aka bar ramin baki buɗe a gefen hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Ruwa ya cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Yaro ya faɗa, cinya ta karye. Aka kai shi wurin maɗori, ɗori bai kama ba, aka wuce da shi asibitin Tawa ko na Galmi. Uban ya sayar da akuyoyi, uwar ta sayar da kayan ɗakinta. Mai rami ya zo gaisuwa da kwanon fura da jaka biyu, ya ce Allah ya sawwaƙe, aka amsa da amin. Shi ke nan magana ta mutu, ramin kuwa yana nan yana jiran na gaba.

Idan wani daga cikin dangi ya yi ƙarfin hali ya ce a nemi lauya, wanda ake kira aboka a ƙasar nan, nan take gari zai taso masa. Za a ce ba shi da tawakkali, yana ja da ƙaddara, yana son raba zumunci, ya ɗauko ɗabi'ar nasara. Waɗannan maganganu ne ya kamata a zauna a auna, domin a bayansu masu sakaci ke fakewa.

A fara da ƙaddara, tun da ita ce babbar garkuwarsu. Mai kiran ƙaddara a kan ramin da ya haƙa da hannunsa yana ɗora wa addini abin da addini bai faɗa ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman zaure ke karantarwa a kowace unguwa, ya yi bayanin lamuni filla-filla. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya nuna cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a, inda bai halatta ya haƙa ba, shi ke ɗaukar nauyin abin da ta jawo. Malaman mazhabar sun kuma hukunta cewa mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi gaban shaidu, ya ƙi gyarawa har ta faɗa wa mutum, lamuni yana kansa. To, ta ina neman diyya ya zama rashin imani? Mutanen Keita ma su ne shaida a kan kansu. Tun daga 1984, bayan fari, lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara da kuɗin Italiya tare da hannun FAO da PAM, matan wannan yanki suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare ƙoramu, suka dasa miliyoyin itatuwa a kan fako. Babu wadda ta ce zaizayar ƙasa ƙaddara ce a bar ta. Wanda ya iya tare ƙorama da dutse bai kamata ya kasa sa maƙwabcinsa cike rami ba.

Dokar ƙasa ita ma ba ta yi shiru ba. Kundin da ake kira Code civil, wanda Nijar ta gada daga Faransa, asalinsa tun 1804, yana ɗauke da ayoyi biyar da ya kamata kowane malamin makaranta ya sani kamar sunansa. Aya ta 1382 ta wajabta wa duk wanda laifinsa ya cutar da wani ya gyara ɓarnar. Ta 1383 ta haɗa da sakaci da ganganci. Ta 1384 ta ɗora wa mutum alhakin abubuwan da ke ƙarƙashin kulawarsa, ta 1385 na dabbobinsa. Ta 1386 kuwa ta kama mai gini idan gininsa ya rushe saboda rashin gyara ko aibin gini. Faransa ta sake wa waɗannan ayoyi lamba a 2016, amma ma'anar ba ta gushe ba, can da nan. Haƙƙin yana nan a rubuce da faransanci, cikin littafin da uban yaron bai taɓa gani ba, kuma ko ya gani ba zai iya karantawa ba.

A nan ne laifin ya tashi daga kan talaka ya koma kan hukuma. Kusan dukkan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Daga Keita zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600. Akwai kotu a Keita, akwai a Buza, akwai a Madawa, amma manomin da ya shiga cikinta yakan tsaya shi kaɗai gaban alƙali, tafinta na tsakaninsu, alhali abokin shari'arsa na iya biya wa aboka kuɗin mota da masauki daga babban birni. An san da wannan giɓi. Shi ya sa dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ don ba marasa ƙarfi shawara da taimakon shari'a kyauta, aka tanadi rassanta a manyan kotuna, har da ta Tawa. Sai dai a tambayi mutum goma a kasuwar Keita ko sun taɓa jin sunanta. Taimakon da mabuƙaci bai san da shi ba tamkar rumbu ne a garin da ba a nuna masa hanyarsa ba.

Masu cewa sulhu ya fi shari'a suna da gaskiya rabi. Doka da kanta ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, kuma sulhun da aka yi a fada aka rubuta shi yana da daraja. Zaman gari ɗaya ba ya jure kowace ƙaramar magana ta kai kotu. Amma sulhu na gaskiya sai tsakanin mutum biyu da kowannensu ya san abin da yake da shi. Idan ɗaya ya san doka, ɗayan kuwa kunya da talauci suka rufe masa baki, abin da aka yi danniya ce da aka shafa wa zuma. Uban da ya fara jin shawarar masanin doka yana iya zuwa fada ya yafe, kuma yafiyarsa ta zama kyauta ta haƙiƙa, domin ya san nauyin abin da ya bari. Zumuncin da ake tsoron ɓatawa kuwa, mai rami ne ya fara ɓata shi ranar da ya bar tarko a hanyar ƴaƴan maƙwabta.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin inda shiru ke kaiwa. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, a Maraɗi, wata gobarar ta cinye aƙalla 25. Sai bayan ta biyun gwamnati ta hana ajiye ƙananan yara ƴan share fage cikin rumfunan kara. Kowa ya san kara na kama wuta tun kafin Afrilu. Abin da aka rasa shi ne masu tambaya da babbar murya: ginin wa ne, wa aka damƙa wa tsaron yaran? Ƙarar hukuma hanyarta daban ce da ta ƙarar maƙwabci, ta kuma fi wuya, wannan ma dalili ne na buƙatar lauya.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu ba mai tsada ba ne. Su fassara ayoyin nan biyar da Hausa da Tamajak, a karanta su a gidajen rediyon karkara, a saka su cikin wasan kwaikwayon ƴan makaranta. Su sanar da iyaye abubuwan da ake yi tun ranar farko: a karɓi takardar likita mai bayyana raunin, a adana takardun sayen magani, a ɗauki hoton wurin kafin a cike shi da dare, a riƙe sunayen shaidu, a sanar da jandarma. Su bayyana cewa idan aka gurfanar da mai sakaci kan raunata mutum ba da gangan ba, wanda aka cuta na da damar shiga shari'ar ya nemi diyyarsa a nan take. Su kuma matsa wa ƙungiyar lauyoyi da ma'aikatar shari'a lamba a riƙa turo aboka zuwa Keita, Buza da Madawa, ko da sau ɗaya a wata, ranar kasuwa.

Ranar da mai rami na farko ya biya kuɗin ɗori da na asibiti bisa hukuncin alƙali, sauran masu ramuka a garin za su nemi shebur tun kafin ruwan fari ya sauka.