Ruwan Ikko Da Baƙon Rijau

Mutumin Rijau idan ya sayar da 'yar dawarsa ya kama hanyar Ikko don gaida dangi, kwana biyu ko uku ke gare shi. Sai ya sauka Agege a watan Yuni, ruwa ya tsuge tun asuba.

A gida manomi murna yake yi da ruwa. A Ikko kuwa kwatoci cika suke yi, motoci su tsaya cik. Duk wanda ya ga ruwan ran 10 ga Yuli, 2011, ya san abin da nake nufi. To, yaya baƙon da bai san gari ba zai ratsa wannan ya je Idi-Araba wurin gwaggo, ya dawo Mile 12 wurin ƙane?

Amma haka 'yan'uwanmu na can suke zama, kowa a ɗakinsa yana jira. In bai zo ba a yi fushi, har maganar ta riga shi komawa gida. Jama'a, wannan ba daidai ba ne. Ku da kuka san lungu da saƙo, ku ɗauki laima ku same shi a masaukinsa bayan la'asar, kowa ya karɓi ƙullin daddawarsa da kuka a nan.